Idan gyaɗa ba ta karɓi mutum ba: yadda za a gane, a kiyaye, a kuma ceci rai a Legas

Da wuya a wuni a gidan Bahaushe ba a taɓa gyaɗa ba, ko gidan yana Kano ko yana Agege. Da ita ake dama kunu, da ita ake kaɗa miyar taushe, ƙuli-ƙulinta ne a cikin yajin tsire da kwaɗon zogale, kuma da man gyaɗa ake soya ƙosai da safe. Mu da kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano muna ganinta abinci ne na gado mai gina jiki, kuma haka take ga mafi yawan mutane. Wannan sabo ne ya sa idan aka ce wani yaro gyaɗa ba ta karɓe shi ba, sai a ɗauka tsirfa ce irin ta iyayen zamani, ko kuma cutar Turawa ce da aka gani a intanet. Ni ma haka na ɗauka kafin abin ya faru a ɗakina.

Ɗana yana da wata 14, cikin azumi, mahaifiyarsa ta ba shi cokali uku na kunun gyaɗa lokacin buɗa-baki. Kafin a idar da sallar magariba leɓɓansa sun kumbura, wuyansa da ƙirjinsa sun yi rudu-rudu kamar wanda cinnaku suka ciza, ya kuma yi amai sau biyu. Mahaifiyata, wadda take zaune tare da mu a lokacin, ta ce, "Borin jini ne, ku ba shi manja, ku shafe masa jiki da shi, zai kwanta." Na je kemis ɗin bakin layi aka ba ni maganin ƙaiƙayi na ruwa, kafin tsakar dare kumburin ya sauka, muka daina ba shi kunu, muka ɗauka shi ke nan. Yana shekara uku, a wurin wani suna, aka miƙa masa yankan tsire da yaji a jiki. A wannan karon muryarsa ce ta dishe, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara, jikinsa ya saki a kafaɗata. Mun shafe kusan minti 40 a cunkoso kafin mu isa asibiti, inda nas ta soka masa allura a cinya tun ba a buɗe masa kati ba, Allah kuma ya sa da sauran kwana. Abin da ke biye shi ne abin da na koya daga likitoci da kuma shekarun da muka yi muna rainonsa a gidan da kowa ke cin gyaɗa.

Likitoci suna kiran wannan lalura alaji, wato garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba. A jikin mai alajin gyaɗa, garkuwar tana ƙera wasu sinadaran kariya da ake kira IgE, waɗanda suke gane furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin gyaɗa. Duk ranar da furotin ɗin ya sake shiga jiki, sai waɗannan sinadarai su tayar da wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin fata da hanji da hanyoyin numfashi, su kuma su saki wani sinadari mai suna histamin da makamantansa a lokaci guda. Histamin ne ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, kuma idan abin ya yi yawa hanyoyin iska na huhu suna tsukewa, jijiyoyin jini suna saki har jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Wannan mataki mai tsanani shi ake kira anafilaksis, kuma yana iya yin kisa cikin ƙasa da awa ɗaya. Alamun sukan fara ne cikin 'yan mintuna bayan ci, da wuya su wuce awa biyu ba su bayyana ba.

Abin da iyaye suka fi shan wahalar yarda da shi shi ne ƙanƙantar abin da ke tayar da shi, domin ɓarɓashin ƙuli-ƙuli da ya maƙale a wuƙa ya isa ga wasu. Haka kuma sauƙin karon farko ba ya nuna yadda na gaba zai kasance, kamar yadda muka gani da idonmu. Wuta ba ta kashe furotin ɗin. Bincike ma ya nuna gasawa da suya a yashi suna ƙara masa ƙarfi fiye da dafawa a ruwa, amma dafaffiyar gyaɗa ma ba ta halatta ga mai alaji ba. Kusan yaro ɗaya cikin biyar ne yake rabuwa da lalurar idan ya girma, sauran suna tafiya da ita har tsufa. Kada kuma a haɗa wannan da illar gyaɗar da ta yi fumfuna, wadda gubarta ke cutar da hantar kowa, ko da kumburin cikin da ke biyo bayan cin gyaɗa da yawa.

A tabbatar tukuna

Hana yaro gyaɗa a gidan Bahaushe babban aiki ne, saboda haka bai kamata a ɗora shi a kan zato ba. Da zarar an ga alama, a rubuta abin da aka ci, da ƙarfe nawa aka ci shi, da minti nawa alamar ta ɗauka kafin ta fito, a kuma ɗauki hoton fatar da waya tun kafin ta washe, domin wannan labarin shi ne abu na farko da likita zai dogara da shi. A Legas ana iya farawa daga babban asibitin gwamnati na unguwa a nemi a tura mutum wurin likitan yara ko likitan fata, ko a je asibitocin koyarwa, wato LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, ko asibitin yara na Massey Street da ke cikin tsibirin Legas. Likitan ne zai faɗi inda za a yi gwaji. Akwai gwajin fata, inda ake ɗiga ruwan furotin a hannu a ɗan tsikari wurin a jira kamar minti 15, akwai kuma gwajin jini da ke auna yawan IgE. Maganin ƙaiƙayi yana ɓata sakamakon gwajin fata, don haka a tambayi likita kwana nawa za a dakatar da shi kafin ranar.

Takardar gwaji ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan 'yan makaranta a Ghana ya gano yara da yawa da gwajin jininsu ya nuna alamar gyaɗa alhali suna cinta lafiya lau, kuma masu binciken sun danganta hakan da cutar tsagiya, wadda ke iya sa jiki ya ƙera IgE mai kama da na gyaɗa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda da yawa daga cikinmu mun taso muna wanka a rafi da kududdufi, inda ake ɗaukar tsagiya. Wanda yake cin gyaɗa ba ta yi masa komai kada ya daina saboda takarda. Idan labari da gwaji suka saɓa, likita yana iya ba mutum gyaɗa kaɗan-kaɗan a asibiti, da allura da iskar oksijin a ajiye kusa. Wannan gwajin ba na gida ba ne ko kusa, kuma shawarar nan da ake yawan bayarwa ta cewa a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba tana iya kai yaro kabari.

Inda gyaɗa ke ɓuya

Soyayyar gyaɗa a kwalba ko a ƙullin leda kowa yana ganinta, kuma ba ita ce ta fi kayar da mutane ba. Wadda aka niƙa aka zuba cikin wani abu ita ce matsalar. Yajin tsire rabinsa ƙuli-ƙuli ne, kilishi da labun gyaɗa ake tsoma shi, dakuwa haɗin aya da gyaɗa ce, gurasa bandashe da garin ƙuli ake barbaɗe ta, kuma da yawa daga cikin matanmu suna jefa tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a miyar zogale da ta alayyahu da fate domin kauri, ba tare da sun ɗauke ta abin ambato ba. Idan ka tambayi mai girki ko akwai gyaɗa a miya ta ce babu, sai ka sake tambaya ko akwai ƙuli, ko tunkuza, ko yaji, da kuma irin man da aka yi amfani da shi.

Batun mai yana buƙatar natsuwa. Man gyaɗar da kamfani ya tace sosai kusan babu furotin a cikinsa, kuma mafi yawan masu alaji ba ya tayar musu da komai. Man ƙuli na gida, wanda ake matsewa da hannu ko da ƙaramin inji, mai ƙamshin nan da muke aikawa a kawo mana daga Arewa a jarka, yana ɗauke da furotin, kuma haɗari ne. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne a bakinmu duk farin mai man gyaɗa ne, ko da na waken soya ne ko na kwakwar manja da aka tace, kuma man da ake aunawa a kwalba a kasuwa ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka gauraya a ciki. A gidanmu mun koma sayen man da yake a rufe da sunan abin da aka yi shi da shi a jiki, tare da manja da man shanu, kuma ƙosai da awara da masa da dambun nama na waje mun haƙura da su saboda yaron.

Na daɗe ban lura da injin markaɗe ba. Injin da ya markaɗa wa mai kunu gyaɗa da asuba shi ne zai markaɗa miki tattasai ko waken alale da hantsi, kuma ɗaurayar da ake yi masa da kofi ɗaya na ruwa ba ta fitar da abin da ya maƙale a haƙoransa. Ƙaramin injin markaɗe na gida, wanda gyaɗa ba ta taɓa shiga ba, ya fi duk wani abin da muka saya amfani. Haka turmi da taɓarya da muciya, tunda itace yana shan mai. A ware wa mai alaji nasa, a kuma fara ɗibar abincinsa a rufe kafin a taɓa gyaɗa. Yaji kuwa a daka na gida da barkono da citta da masoro da kanumfari da kimba da gishiri. Wurin mai tsire babu dabarar da ke aiki, domin ko ka ce a ba ka balangu ba yaji, wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya ne, hannu ɗaya ne, kuma da man gyaɗa yake shafa naman a kan wuta. A sayi ɗanyen nama a gasa a gida, idan layya ta zo kuma a cire rabon yaron a soya shi daban tun farko.

Zaman Legas yana ƙara wasu ƙofofin. Gasasshiyar ayaba da Yarbawa ke kira boli da gyaɗa ake sayar da ita, garin kwaki da ita ake jiƙa shi, makwabta Ibo suna tarbar baƙo da yalo da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai yaji, kuma garin kunun yara da ake kira Tom Brown yawanci akwai gyaɗa a haɗinsa. Yana da kyau a san sunanta a bakin mai sayarwa: Yarbawa suna ce mata epa, Ibo suna cewa ahuekere. A jikin biskit da cakulan da kek da askirim a duba kalmomin groundnut da peanut, duka biyun gyaɗa ake nufi, kuma a jikin wasu magunguna da mayukan shafawa ana rubuta arachis. Idan an rubuta cewa mai yiwuwa ne a sami ɓurɓushinta a ciki, a ajiye kayan. Lambar NAFDAC a jikin kaya alama ce ta rajista, ba ta ɗauke wa mutum karanta jerin abubuwan da aka haɗa ba, kuma a riƙa karantawa duk lokacin da aka saya, domin kamfanoni suna sauya haɗi. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, irin su Plumpy'Nut, da gyaɗa ake yin sa, saboda haka a sanar da ma'aikatan lafiya tun kafin su miƙa.

Gyaɗa dangin wake ce, amma mafi yawan masu alajinta suna cin wake da waken soya lafiya, aya kuwa ba danginta ba ce sam. Wasu daga cikinsu suna da alajin kashu ko riɗi a gefe, don haka a tambayi likita a kan waɗannan maimakon a hana yaro komai da komai har ya rame.

Mutanen da ke kewaye da yaro

Kicin ana iya gyara shi cikin mako ɗaya, mutane ne ke ɗaukar lokaci. A al'adarmu babba ba ya cin abu yaro yana kallo bai gutsura masa ba, yaro kuma ba ya mayar da hannun babba baya. Idan ka ce wa goggo ko kaka "ba ya cin gyaɗa", abin da za ta ji shi ne yaron yana da zaɓen abinci, kuma za ta ba shi a ɓoye saboda ƙauna. Ni sai da na zauna gaban mahaifiyata na ce, "Hajiya, gyaɗa tana toshe masa numfashi, likita ya ce ko ɗanɗane ne tana iya kashe shi," na kuma nuna mata takardar asibiti. Tun daga ranar ita ce ta zama mai gadinsa, ko wa ya miƙa masa abu sai ta tambaya. Yaron ma a koya masa tun yana ƙarami kalmar da zai faɗa cikin ladabi, kamar "Na gode, Kawu, sai na nuna wa Umma tukuna," kuma kada a taɓa yi masa faɗa idan ya zo ya ce ya ci wani abu bisa kuskure, domin yaron da ke tsoron duka zai ɓoye har numfashinsa ya fara sarƙewa.

Cin abinci a tire ɗaya yana buƙatar sauyi idan akwai yaji ko kwaɗo a wurin. A zuba masa nasa a faranti amma ya zauna cikin 'yan uwansa, kada ya ji an ware shi. Wanda ya ci gyaɗa ya wanke hannu da ruwa da sabulu kafin ya ɗauke shi, domin sanitaiza ba ta cire furotin ɗin. Ƙamshin gyaɗa kawai ko taɓa ta da fata ba kasafai suke kawo mummunan tashin alaji ba, haɗarin yana cikin abin da ya shiga baki, sai dai a nisanta shi da inda ake niƙa ko sheƙe gyaɗa saboda ƙura. A makarantar boko da ta Islamiyya a kai rubutacciyar takarda ga shugaba da malamin aji, mai ɗauke da hoton yaron, da alamun da za a lura da su, da abin da za a yi, da lambobin waya biyu. A ja hankalinsu musamman a kan ƙunshin alewa da biskit da iyaye ke rabawa a aji ranar zagayowar haihuwar 'ya'yansu.

Idan abin ya faru

Alamu masu sauƙi su ne borin jini a fata, da ƙaiƙayin baki, da kumburin leɓe ko fatar ido, da ɗan ciwon ciki. Ga waɗannan ana ba da maganin ƙaiƙayi irin su Piriton ko setirizin bisa awon da likita ya rubuta, a kuma zauna kusa da mutum ana kallonsa, domin abin yana iya juyawa cikin mintuna. Alamu masu tsanani su ne kumburin harshe ko maƙogwaro, da dishewar murya, da wahalar haɗiya, da tari ba ƙaƙƙautawa, da numfashi mai fito, da jiri ko suma, a wurin jariri kuma jiki ya saki ya yi fari ko ya yi barcin da ba a gane masa ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa, ko da fata ba ta nuna komai ba.

Maganin wannan mataki guda ɗaya ne, allurar adirenalin a cikin naman cinya ta gefen waje, kuma a yi ta nan take. Ita ce ke buɗe hanyoyin iska ta kuma tsuke jijiyoyin jini. Piriton yana rage ƙaiƙayi ne kawai, maganin rage kumburi da ake kira hydrocortisone kuma yana ɗaukar awoyi kafin ya fara aiki, saboda haka babu ɗayansu da ke tsayawa a madadinta. Akwai allurar da aka ƙera kamar alƙalami, irin EpiPen, wadda kowa zai iya dannawa ko ta saman wando. Ƙaramar tana ɗauke da miligiram 0.15 domin ƙananan yara, babbar kuma 0.3, likita ne ke zaɓa bisa nauyin jiki. A Najeriya tana da wuyar samu kuma tana da tsada, don haka wanda bai same ta ba ya tattauna da likitansa a kan 'yar kwalbar adirenalin da sirinji, likitan ya rubuta awon daidai ya kuma koya wa mutum biyu a gidan yadda ake zuƙa da yadda ake sokawa, su gwada a gabansa. Ba a yin ta a jijiya a gida. Idan minti biyar suka wuce babu sauƙi, a yi ta biyu a ɗaya cinyar, shi ya sa ake ajiye guda biyu. A kiyaye maganin daga rana da zafin cikin mota, a riƙa duba ranar ƙarewar wa'adinsa, idan ruwan ya sauya launi a canza shi.

Bayan allura a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe, mai juna biyu ta kwanta a gefen hagu, wanda ya suma amma yana numfashi a juya shi a gefe. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi ya taka zuwa bakin titi ko da ya ce ya ji sauƙi, domin miƙewa farat ɗaya a wannan hali tana iya tsayar da zuciya. A ɗauke shi. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, tunda abin da aka ɗura yana iya wucewa huhu. Mai asma a fara yi masa adirenalin sannan a ba shi abin shaƙarsa. Addu'a a yi ta ana tafiya.

Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, amma duk wanda ya san cunkoson garin nan ya san ba a jingina rai a kan isowar motar asibiti kaɗai, ga shi an hana acaba a wasu ƙananan hukumomi ciki har da Ikeja da Surulere. Tun ana lafiya a zagaya a gano asibiti mafi kusa da gida, da mafi kusa da makaranta ko shago, wanda yake buɗe dare da rana, a shiga a tambaya ko suna ajiye adirenalin da oksijin. A san makwabcin da ke da mota da wanda za a kira idan ba ya nan. Ko allura ta yi aiki sai an je asibiti, domin alamun suna iya dawowa bayan wasu awoyi, kuma idan likita ya ce a kwana kada a sa hannu a tafi gida. Haka za a yi wannan shiri idan an je gida Arewa hutun sallah, inda gyaɗa ta fi yawa, asibiti kuma yana iya yin nisa.

Manya

Mafi yawan manyan da ke da wannan lalura tun yarinta suka taso da ita, ko da yake tana iya farawa bayan an girma. Matasa ne aka fi jin tsoro a kansu, saboda sun fara cin abinci a waje ba iyaye a kusa, suna jin kunyar tambaya a gaban abokai, suna kuma barin allura a gida. Magidancin da ke wuni a kasuwar Mile 12 yana cin abincin masu talla ya fi kyau ya fito da kularsa daga gida, ya sa kati a aljihu mai bayanin lalurarsa da Hausa da Turanci, ya kuma sanar da abokin zama ɗaya ko biyu inda allurarsa take. Wanda sana'arsa ta haɗa shi da buhunan gyaɗa ko suyar ƙuli-ƙuli ya faɗa wa likita wannan dalla-dalla. Motsa jiki mai ƙarfi, da zazzaɓi, da rashin barci, da barasa, da magungunan ciwo irin su aspirin da ibuprofen suna iya sa abin da jiki ya jure jiya ya kayar da shi yau. Asmar da ba a kula da ita ba tana cikin manyan abubuwan da ke sa tashin alaji ya zama ajali, don haka shan maganinta a kan lokaci yana cikin kariya. Wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna rage tasirin adirenalin, sai a nuna wa likita duk abin da ake sha. Ma'aurata su sani furotin ɗin yana zama a yawun wanda ya ci na wasu awoyi. Mai azumi kuma kada ya jinkirta allura yana jiran a sha ruwa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da lalurar gaba ɗaya, na asibiti ko na gargajiya. Akwai hanyar da ƙwararru ke ba mutum furotin ɗin gyaɗa a awo ƙanƙani suna ƙarawa a hankali cikin watanni, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani na wannan tsari a 2020 domin yara masu shekara 4 zuwa 17. Abin da yake yi shi ne rage haɗarin cin kuskure, kuma shi kansa yana iya tayar da alaji, shi ya sa ake yin sa a ƙarƙashin kulawar likita. Yaro mai lalurar a riƙa mayar da shi ana sake duba shi lokaci-lokaci ko yana cikin waɗanda suka rabu da ita.

Ƙannen da ke tafe

Iyayen da suka ga abin da muka gani sukan yanke shawarar hana duk jaririn da suka haifa gyaɗa, kuma a da likitoci a Amurka da Ingila ma haka suke ba da shawara. Ilimi ya sauya wannan. Masu bincike sun lura cewa yaran Yahudawa da ke Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyaɗa, alhali na Isra'ila suna cin wani abin taɓawa na gyaɗa mai suna Bamba tun suna jarirai. Daga nan Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka bi jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11 waɗanda ke da matsananciyar cutar fata ko alajin ƙwai, aka ba rabinsu gyaɗa a kai a kai, aka hana rabi. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa zuwa shekara biyar, alajin ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari a wurin waɗanda suka ci. Al'adarmu ta ba jariri kunun gyaɗa da wuri tana da amfani ke nan, kuma bai kamata tsoro ya sa a watsar da ita ba. Mai juna biyu da mai shayarwa ma ba a ce su daina cin gyaɗa don kariya ba.

Jariri mai lafiya, idan ya cika wata shida na nonon uwa zalla ya fara cin abinci, ana iya fara masa da gyaɗar da aka niƙa ta yi laushi aka tsinka a kunu. A fara da rana yana cikin ƙoshin lafiya, a lasa masa ɗan kaɗan a bakin cokali, a jira minti goma, idan ba a ga komai ba a ci gaba, a kuma sa masa ido na awa biyu. Idan ta karɓe shi a riƙa ba shi kamar ƙaramin cokali biyu sau uku a mako, domin dawwama a kai ita ce ke riƙe kariyar. Ƙwayar gyaɗa guda kuwa kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, tana iya shaƙe shi. Jaririn da ke da busasshiyar fata mai tsananin ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, a kai shi wurin likita kafin a fara, kuma da wuri, domin shi ne ya fi shiga haɗari kuma shi ne jinkiri ya fi cutarwa.

Da aka haifa wa ɗana ƙanwa, likita ya duba ta sannan muka fara ba ta cokalin farko a harabar asibiti tana da wata shida, kuma ta karɓe ta. Yanzu tana shan kununta sau uku a mako a kofinta da cokalinta na daban, lokacin da yayanta yake makaranta, mahaifiyarta kuma tana wanke mata hannu da baki da sabulu, ta goge tabarmar, kafin ya dawo da azahar.